Darbejiyar Iya da Injin Shinkafa

Shara ce aikina a gidanmu tun ina aji uku na firamare. Kullum bayan na yi sallar asuba, kafin in sa kayan makaranta, sai in ɗauki tsintsiya in fara daga ƙofar ɗakin Inna, in biyo ta gindin randa, in zagaya madafi, in ƙare a gindin darbejiya. Abin da na tara da wata tsohuwar sakaina nake kwashe shi, ɓarin ƙwaryar da Iya ta daina dama fura a ciki. Saboda haka na san tsakar gidanmu fiye da kowa, duk da ba wanda ya taɓa tambayata. Na san ramin da tururuwa suke fitowa, da wurin da ƙasa take riƙe danshi har rana ta take, da lungun da kazarmu take ɓoye ƙwai.

Darbejiyar tana jikin katangarmu ta yamma. Gindinta yana cikin gida, amma rabin rassanta sun tsallaka waje. Iya, mahaifiyar Baba, ita ta dasa ta a shekarar da aka kawo ta gidan. Ba ta ce mata darbejiya, bedi take cewa, kamar yadda ake faɗa a garinsu can wajen iyaka. Duk haihuwar da aka yi a gidanmu da ganyenta aka yi wankan jego, har tawa.

Ni ce 'yar fari. Inna 'yar Fulanin wajen Kanya Babba ce, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in yi wani abu sai ta kalli wani wuri daban ta ce, "A miƙo ludayi," ko "A rufe randar nan." Baba ma haka yake, sai dai shi yakan ce "mai shara" in yana magana a kaina. A ɗakin Iya na tashi, ita ce take kirana ƙawata, ita kaɗai nake iya yi wa magana mai tsawo. A bayana Inna ta haihu sau biyu, duka biyun suka koma tun ba a yi arba'in ba. Ba a zancensu a gidan. Amma akwai wasu 'yan riguna biyu a ƙasan akwatin Inna da na taɓa gani tana ninkewa.

Shekarar da na shiga ƙaramar sakandare wani ɗan kasuwa ya sayi filin da ke bayan katangarmu ya kafa injin casar shinkafa. Kafin nan sai an ɗora shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a mota an kai Kazaure. Baba kuwa duk shekara da an gama girbi yake tafiya cirani Kano, yana aiki a wani injin niƙa, ba ya dawowa sai ruwa ya kusa sauka. Da yake ya san kan inji, shi mai injin ya ɗauka ya riƙa tayar da shi yana kula da shi.

Ba zan ɓoye ba, mun ji daɗin injin nan. A wannan shekarar na fara ganin Baba yana shan ruwa a gida da azumi. Inna da matan unguwa suka samu aikin turara shinkafa, 'yan kasuwa su kawo musu shanshera su jiƙa, su turara, su shanya. Buntu, wato ɓawon da injin yake cirewa, ya zama makamashinmu, muka rage sayen itace. Tsakin shinkafa bai yanke a gidan ba, har na gaji da dambu. A ƙofar injin masu awara da masu kunu suka kafa kujeru. Da yamma Baba yakan shigo fari fat, har gashin idonsa, Iya ta ce, "Sannu tsoho. Ka riga uwarka furfura." Shi kuma ya yi murmushi ya wuce bayi da bokiti.

Injin yana da wani bututu na kwano da yake feso buntun waje, bakinsa yana kallon katangarmu. Mai nauyin yakan zube nan ƙasa ya yi tsibi. Mai laushin kuwa, wanda ya fi gari laushi, sai ya tashi tare da hayaƙin injin, iskar yamma ta kwaso shi ta yo gidanmu da shi.

Dattawan da suke zama a inuwar darbejiya ta waje su suka fara tashi. Suka ce wurin ya koma ƙaiƙayi, mutum ya zauna kaɗan sai ya kama susar wuya. A cikin gida ma Iya ta janye tabarmarta daga gindin bishiyar ta mayar ƙofar ɗakinta.

Ni kuma ga abin da tsintsiyata ta nuna min. A gindin darbejiya ƙurar buntu takan kwanta da kauri, har sawun kaza ya fito a kai raɗau. Amma da na yi taku biyar zuwa tsakiyar gida sai ta ragu. A ƙofar ɗakin Inna, wanda yake can gabas, abin da nake tarawa bai cika tafin hannuna ba. Wata rana na leƙa waje na ɗaga kai, sai na ga ganyen da yake kallon injin ya koma ruwan toka, kamar an barbaɗa masa gari. Na dawo ciki na sake ɗaga kai, ganyen da yake kallon ɗakunanmu kore ne shar. Na daɗe a tsaye ina kallo har na kusa makara. Ban gaya wa kowa ba. Ban ɗauka magana ba ce da ta kai a faɗa.

Da bazara, a tsakiyar zafi, Inna ta haihu. Mace ce, 'yar ƙarama, mai yawan gashi. Aka sa mata sunan Iya, don haka ba mai faɗin sunan a gidan, sai muka riƙa ce mata Iya ƙarama. Iya kuwa takwara take ce mata. Takan ɗora ta a cinya ta ce, "Kin zo ƙwace min suna, ko? To ki zauna, kin ji? Ki zauna ki ci sunan da kyau." In ta faɗi haka Inna sai ta sunkuyar da kai.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Roni don ta yi wa Inna wankan jego. Mace ce mai ƙarfi da murya, tana tsakar gida ana jin ta a bakin titi, kuma ba ta iya ganin aiki ta bar shi. Safe da yamma takan tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma damin ganyen darbejiya a ciki ta riƙa fyaɗa wa Inna a jiki. Ni ce mai kawo ganyen. Da gora mai ƙugiya nake janyo reshe daga ɓangaren cikin gida, in karya, in ɗauraye a ruwa sau biyu, in ajiye mata a kan murfin tukunya.

Kwana uku bayan suna muka fara jarrabawa, na riƙa daɗewa a makaranta. Ranar nan Gwaggo ta ga yamma tana yi ban dawo ba, sai ta fita da kanta. A waje rassan sun fi sunkuyowa, ba sai da gora ba. Ta karyo dami guda daga can, ta tsoma shi a tafasasshen ruwa yadda yake, ta yi wa Inna wanka da shi.

Da na dawo na tarar jikin Inna ya yi ruɗu-ruɗu, tana susa har da kuka-kuka, ita da ba a jin ko tarinta. Iya ƙarama da aka kwantar a ƙirjinta tana ta atishawa, washegari kuma ta fara wani ɗan tari siriri kamar na 'yar kyanwa.

Da yammar ranar aka zauna a tsakar gida, Baba da Iya da Gwaggo. Ina gefen randa ina wanke kwanuka.

Gwaggo ta ce, "Bishiyar nan ta lalace. Ta sha buntu ta ƙoshi, yanzu amayo mana shi take yi. Ku tsaya ku gani."

Ta ɗauki gorata ta daki wani babban reshe da ya haye katanga. Ƙura ta zubo kamar ana tankaɗe. Baba ya kare fuska da hularsa.

"Kun gani? Wannan ce take sauka a kan jaririya dare da rana. Ku kuna zaune kuna cewa inuwa."

Baba ya ce, "Yaya, bishiyar Iya ce fa."

"Na fi ka sanin ta Iya ce, a gindinta na yi rarrafe. Ita Iyar ai ga ta nan, ta faɗa da bakinta."

Ina riƙe da kwano a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata. A raina na ce, wannan ƙurar da ta zubo, da ba reshen a wurin, ina za ta je? Na so in faɗa. Amma manya uku ne suke magana, ɗaya kuma Baba ne, wanda ban taɓa fara yi wa magana ba sai gaisuwa. Na ce bari Gwaggo ta yi shiru tukuna. Da ta yi shiru na ce bari Iya ta fara. Sai Iya ta daɗe tana kallon bishiyar, sannan ta juya ta kalli ƙofar ɗakin Inna.

Ta ce, "Itace ne. Takwarata mutum ce. A sare."

Na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Ranar Juma'a da safe, da yake injin ba ya aiki ran nan, mutum biyu suka zo da gatari da adda. Kafin a tafi masallaci sun sauke rassan duka. Gidan ya cika da ɗacin ɗanyen ganye, har a harshe ana jin sa. Wata sheƙar kurciya ta faɗo da ƙwai ɗaya a ciki, na ɗauke ta na ɗora a kan katanga, ban san amfanin hakan ba. Aka bar kututturen a tsaye, tsayinsa ya ɗan wuce katanga, da guntayen rassa uku a sama kamar gwafa. Baba ya ce wata Juma'ar zai tone shi gaba ɗaya. Aka jibge rassan a bayan madafi don su bushe a yi girki da su. Iya ba ta fito daga ɗaki ba sai la'asar, kuma da ta fito ba ta kalli yamma ba.

Ranar Asabar injin ya tashi. Ranar Lahadi da safe na ɗauki tsintsiya na fara daga ƙofar ɗakin Inna kamar kullum. Kafin in kai gindin randa na tara abin da ya kai rabin sakaina. Faifan da muke rufe randa da shi ya yi fari. Tsummokin Iya ƙarama da aka shanya a igiya, da na taɓa su sai na ji suna ƙaras-ƙaras. Na shiga gaishe da Inna, na leƙa fuskar jaririyar, na ga wani ɗan ƙanƙanin buntu a maƙale a gashin idonta. Na sa bakin mayafina na ɗauke shi a hankali.

Ko a ranar ban yi magana ba. Yanzu kuma wani abu ne ya ƙaru a kan kunyar. In na faɗa, za a ce me ya sa ban faɗa ba tun bishiyar tana tsaye. Sai na riƙa share ƙofar ɗakin Inna sau biyu, da safe da kuma bayan na dawo daga makaranta, ina yayyafa ruwa. Gwaggo har ta yaba min, ta ce yarinyar nan akwai tsabta. Yabon ya fi zagi yi min ciwo.

Ranar Laraba na dawo da azahar na tarar da Inna zaune a bakin gado, Iya ƙarama a hannunta ba riga. Duk numfashin da ta ja sai fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta ta lotsa ciki, kuma wani ɗan sauti yana fita kamar ana busa karan dawa. Ta ƙi kama nono. Inna ba ta kuka, idonta kawai ta kafa mata. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, amma na gane cewa ita ta taɓa ganin irin wannan numfashin.

Aka kira Baba daga injin, ya zo da farin buntunsa bai ko wanke fuska ba. Ya tsayar da masu babur biyu, Gwaggo ta rungumi jaririyar a ɗaya, shi da Inna a ɗaya, suka tafi asibiti. Ni da Iya muka zauna a ƙofar ɗakinta. Tana jan carbi, ni ina kallon ƙurar da take sauka a kan baƙin takalmina na makaranta.

Sun dawo bayan la'asar da magunguna. An yi wa Iya ƙarama allura, numfashin ya ɗan lafa. Gwaggo ta ce ma'aikaciyar asibitin ta tambaya ko ana girki a ɗakin da take kwana, da aka ce mata gidan yana jikin injin shinkafa sai ta ajiye biro ta ce a nisanta yarinyar nan da ƙura da hayaƙi, in ba haka ba magani ba zai yi komai ba.

Baba ya ce ko da ya bar aikin, injin ba zai tashi daga wurin ba. Abin da ya rage shi ne Inna ta tafi gidansu da jaririyar. Ba wanda ya ce zuwa yaushe. Gwaggo ta ce kafin nan a fitar da rassan nan na bayan madafi, don har yanzu su suke zubar da abin, a kuma tone kututturen kowa ya huta. Baba ya aika aka karɓo masa diga a maƙwabta.

Ranar Alhamis da na dawo daga makaranta ban cire kayan makaranta ba na zagaya bayan madafi. Ganyen ya fara yaushi amma bai zube ba. Na zaɓi ɗan reshe ɗaya daga waɗanda suke waje, ɗaya daga waɗanda suke ciki, don na san su, har wanda nake yawan janyowa da ƙugiya na gane. Na shiga ɗakin Iya na durƙusa na ɗora mata su a tafin hannu.

Ta ce, "Ƙawata, me zan yi da wannan? Ko miya za ki yi min?"

Na ce, "Iya, wannan na wajen inji ne. Wannan na wajen ɗaki."

Ta matso bakin ƙofa inda haske yake. Ta murza na farkon, yatsanta ya yi fari. Ta murza na biyun, ba komai.

"To?"

"Ba ita take kawo shi ba. Tare shi take yi. Da tana nan, abin da nake sharewa a ƙofar Inna bai cika hannuna ba. Yanzu rabin sakaina ne. Jiya ya fi rabi."

Iya ta ɗago ta kalle ni. Sannan ta ce, "Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun ba a haifi Iya ƙarama ba."

"Kina wurin na ce a sare."

Sai kuka ya ƙwace min. Na kifa kai a gwiwarta, ina jin ƙamshin man kaɗanya a zanenta. Ta bar ni na yi mai isata, tana shafa min ƙeya.

Ta ce, "Ya isa. Ni da na dasa ta da hannuna, shekara nawa ina zaune a ƙarƙashinta, ban ɗaga kai na duba ba. Share fuskarki. Ɗauko sakainar taki."

"Iya, ke za ki gaya masa?"

"Ni na share gidan? Tashi mu je."

Baba yana zaure yana gyara ƙotar digar, yana buga mata tsinke don kada ta zare. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa tana ba shi labarin wani abu. Iya ta shiga ta zauna a kan dakali.

Ta ce, "Ga ƙawata da magana."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ina ji."

Na durƙusa. Na ajiye sakainar a gabansa da sharar da na yi da rana, na ajiye rassan biyu a gefenta. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, har Iya ta ce in ɗaga, ba sata na yi ba. Na faɗi abin da na faɗa mata. Na ƙara da cewa ganyen da nake kawowa na wanka daga ciki nake karyowa, kuma ina ɗaurayewa.

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma 'yar makaranta ce za ta koya mana zaman gida?"

Baba ya ɗauki reshen mai toka ya juya shi, ya kai hanci, ya ɗebi sharar sakainar ya murza a tafinsa. Shi ya fi kowa sanin abin, a cikinsa yake wuni.

Gwaggo ta matso ta leƙa. Ta tauna bakinta kaɗan. Ta ce, "Kai, ni fa tun ranar Asabar nake jin ƙasa-ƙasa a haƙorina. Na ɗauka gero ne ba a rege da kyau ba." Sai ta juyo kaina. "To ke da kika sani, bakin naki aro aka ba ki, kike tsoron kada ya ƙare?"

Iya ta ce, "Bar min ƙawa. Ke da naki bakin ai ga inda ya kai mu."

"Iya, ke fa kika ce a sare!"

"Na ce. Mu biyu ne. Zauna."

Baba ya miƙe. Ya jingine digar a bango, ya ɗauki rassan biyu ya sa a aljihun rigarsa, ya fita ya nufi injin.

Bishiya ba ta dawowa a kwana ɗaya, don haka tafiyar Inna ba ta fasu ba. Ranar Juma'ar da aka shirya tone kututturen, a ranar aka samo mota ta kai su Kanya Babba, Gwaggo ta raka su don ta ƙarasa mata wankan a can. Na ɗauko ƙullin kayan Iya ƙarama na kai mota. Inna ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi a kan fuskar jaririyar. Har direba ya tayar da mota, sai ta kalli gilashin gaba ta ce, "A riƙa zuba wa bishiyar nan ruwa."

Na ce, "To."

Mai injin bai yi gardama ba, amma bai yi sauri ba. Sai da aka yi makonni kafin ya juya bututun ya kalli arewa inda ba gidaje, ya sa aka yi masa wani ɗaki na tsofaffin kwanuka yana fesawa a ciki. Bututun hayaƙin ma aka ƙara masa tsawo. Baba ya kafa zana a kan katangarmu ta yamma, ni kuma kullum kafin in tafi makaranta in watsa mata ruwa don ta kama abin da ya tsallako. Iya ta mayar da wurin alwalarta gindin kututturen. Ruwan wanke-wanke, ruwan ɗauraya, duk can nake kaiwa.

Kwana ashirin da wani abu ba abin da ya faru. Sai wata safiya ina shara na ga wasu 'yan tsiro jajaye a jikin ɗaya daga guntayen rassan, ƙanana kamar farcen jariri. Ban san sabon ganyen darbejiya ja yake fitowa ba sai ran nan. Na ruga na kira Iya, ita ce rana ta farko da na ɗaga murya a gidanmu har kaza ta firgita. Iya ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta tsaya ta duba, ta ce, "Kin ga 'yar banza, ashe fushi take yi."

Da ruwa ya sauka sai bishiyar ta yi ta tofo ta ko'ina. 'Ya'yanta da suka faɗi bara suka tsiro a gindin katanga, na tone guda huɗu, ni da Baba muka dasa su a waje tsakaninmu da injin, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Muna aikin bai ce min komai ba sai "miƙo" da "riƙe nan", amma ya bar ni na zaɓi inda za a sa kowacce.

Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci yakan tsaya a ƙofar ɗakin Iya ya ce, "A tambayi mai shara, nawa aka kwasa?" Ni kuma in kawo sakainar in nuna. A tsakiyar damina abin ya koma ɗan kaɗan, Baba ya fara zancen ɗauko Inna da Iya ƙarama. Iya ta ce a'a, ruwan sama ne yake kwantar da ƙura, a jira a ɗauke ruwa, sabuwar shinkafa ta shigo, injin ya yi aiki da ƙarfinsa, sannan a gani. Ran nan Baba bai ci tuwon kirki ba. Amma ya jira.

Aka ɗauke ruwa, aka yi girbi, buhuna suka cika ƙofar injin. Darbejiya ta yi wani cunkusasshen kai kamar gammo, bai kai rabin na da ba, amma ganyen ya yi kauri, ya rufe saman katangar. Juma'a ta farko abin da na tara a ƙofar ɗakin Inna bai cika tafina ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ban ma ɗauko sakainar ba, a hannu na kawo masa. Ya duba, ya ce wa Iya gobe zai je Kanya Babba.

Sun iso da hantsi, injin yana ta aiki. Iya ƙarama ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace, tana goye tana cin bakin majanyi. Inna ta gaishe da Iya, ta miƙe, ta tsaya a tsakar gida tana kallon bishiyar. Ta je gindin randa ta shafa faifan da yatsa ɗaya ta duba yatsan. Sannan ta kwance goyon, ta zo ta bayana, ta ɗora min yarinyar, ta ja zanen ta ɗaure min da kanta. Da ta gama ɗaurin hannunta bai bar kafaɗata nan da nan ba.

Na taka a hankali na je gindin darbejiya. Inuwar ba ta da faɗi, sai da na matsa jikin kututturen sannan ta rufe mu mu biyu. Ta bayan katanga injin yana ta ƙugi. Na karkatar da kai na kasa kunne, ina neman sautin karan dawar nan. Ba shi. Sai ɗumin numfashinta a wuyana, yana shiga yana fita, da yawun da take zubar min a kafaɗa.

Yanzu Iya ƙarama tana da shekara biyu da rabi. In sanyi ya kama ta takan yi tari fiye da sauran yara, kuma Baba ma yana tari da safe, duk da ƙyallen da yake ɗaurawa a hanci. Daga cikin huɗun da muka dasa akuya ta ci ɗaya, ukun sun wuce katanga. Har yau ni ce mai shara, sai dai na samu mai bi na a baya da guntun tsintsiya tana watsa abin da na tara. In muka kai gindin darbejiya takan ɗaga kai ta nuna sama da yatsa, don ta ga kullum nan nake tsayawa in duba.